Sheƙar Aku a Giginyar Graciela

San Cayo del Monte,
watan Afrilu.

Zuwa ga aminina, compadre Aristides,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya hannun naka na dama, ya fara jin magana? Yaya hayaniyar birnin Pereira da ka ce tana hana ka jin ko kukan kurciya? Ka gaishe min da ɗanka Fabio da matarsa Luz Dary, wadda na san ita ke karanta maka wannan. Luz Dary, ki yi haƙuri da rubutuna, yanar idon ta ƙaru, layukan sai hawa dutse suke yi. 'Yata Amparo, wadda ka riƙe a coci ranar baftismarta har muka zama compadre, tana gaishe ka daga Sifen. Ni kuwa ina nan, gwiwoyi suna ƙara, ƙirji yana shaƙewa, amma da rai.

Compadre, gyara zama. Aku masu rawayan kunne sun yi sheƙa a bayan gidana.

Ka tuna giginyoyin nan masu kaki a jiki na gangaren kwari, waɗanda matata marigayiya Graciela ta hana in sare lokacin da na so in faɗaɗa wa saniya makiyaya? Ɗaya ta mutu bara, kanta ya faɗi, gungumen ya rage a tsaye. A cikinsa suke. Ban gani da ido ba, idon yanzu ba ya wuce shingen lambu. Kunne ne ya ba ni. Mace da namiji sun daɗe suna zuwa da hantsi suna surutu, na ɗauka masu wucewa ne. Sai ran nan ina shan ruwan mazarƙwaila a barandar baya na ji wani kuka siriri daga cikin itacen, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Muryar 'ya'ya biyu ce. Na ajiye kofin na yi ta hawaye ni kaɗai.

Kai na fara tunawa. Na tuna lokacin da muka kafa ƙungiyar masu kallon tsuntsayen nan a ɗakin bayan gidan burodin Don Efraín, da tabaran hangen nesa guda ɗaya da muke karɓa-karɓa, mutanen gari suna kiranmu masu sanƙarar wuya. Na tuna yadda ake sare sabbin ganyen kan giginyoyin nan duk Lahadin Ganyen Dabino a kai coci, itatuwan suna mutuwa, akun suna ƙarewa. Ka tsaya a ƙofar coci kana raba wa mata ganyen masara, Fada Hilario ya hau mumbari ya ce, “Aristides yana so Almasihu ya shiga Urushalima a kan kara.” An yi shekaru ana mana dariya kafin a daina. Yau yara da shuke-shuke a tukwane suke zuwa coci, kuma babu wanda ya san daga inda abin ya fara.

Ranar Alhamis na roƙi maƙwabciyata Doña Ofelia ta sa ƙaninta ya kai ni taro a motarsa. Rabona da zuwa ya yi nisa. Ɗakin cike da matasa, kowa da wayar da ke gaya masa sunan tsuntsu kafin ya ɗaga kai. Na zauna, na cire malfata, na ajiye ta a tebur bakinta yana kallon sama, kamar yadda muka tsara tun farko ga duk wanda ya samu sheƙa. Wani saurayi ya ce, “Don Nica, sadaka ake nema?” ya jefa alewa a ciki. Maryori Cifuentes, likitar dabbobin nan da ke shugabancinmu yanzu, ta make masa hannu ta ce, “Rufe mana baki, jaki. Sheƙa ya samu.” Duk suka miƙe tsaye. Babu wanda ya tambaye ni ina ne, don dokarmu ce a rufe sirrin wurin sheƙa. Da ka gani, da ka ji daɗi.

Bayan an tashi na raɗa wa Maryori wurin, ita kaɗai. Ta rungume ni, sannan ta tuna min da sauran dokar: babu ɗan ƙungiya da zai taka kusa da sheƙar sai 'ya'yan sun tashi, kada sawunmu ya nuna wa ɓarayi hanya. Ta ce, “Ku kuka kafa ta, Don Nica, ni gadonta na yi.” Haka ne. Sai dai da muna kafa ta ban yi tunanin sheƙa za ta zo bayan gidan tsoho ba. Dā can idan za su hau dutse ranar Lahadi sukan biyo ta nan su sha kofi, in ji labarin abin da suka gani. Yanzu sun sauya hanya. Ba komai, wata biyu ko uku ne.

Ka sha maganinka, ka daina faɗa da Luz Dary a kan gishiri.

Naka har kullum,
Nicanor Bedoya.


San Cayo del Monte,
watan Mayu.

Aminina Aristides,

Gaisuwa da fatan kana ƙara samun lafiya, kai da mutanen gida. Na samu amsarka, na ji ka ce ƙila kaji ne na ji ba aku ba, tunda ko da idona yana gani ban taɓa bambanta ungulu da shaho ba. Na yi dariya har tari ya kama ni. Ina ma a ce kajin ne.

Akwai abin da ban iya gaya wa kowa a nan ba.

Gidan ya yi shiru fiye da yadda na zata. Doña Ofelia takan miƙo min wainar masara ta kan shinge da safe, ta ce, “Kana da rai, tsoho?” in ce ina da shi, ta wuce gonar kofinta. Shi ke nan maganar yini. Amparo tana bugo waya ran Lahadi, amma rabin hirar “kana ji na?” ce.

Ana haka sai wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce sunansa Wilmar, yana yawo da babur yana wasa wuƙaƙe da addunan manoma. Na ce ba ni da abin wasawa. Ya ce, “Ba kai ne Don Nicanor na makarantar tudu ba? Ai babana ɗalibinka ne, har ya mutu yana lissafa min kogunan ƙasar nan da muryarka.” Ban gane sunan uban ba, amma yaran da suka bi ta hannuna sun fi ƙarfin tunawa. Na shigo da shi. Ya wasa min wuƙar kicin bai karɓi komai ba. Bayan kwana kaɗan ya dawo da ƙosan cuku masu zafi a takarda, ya gyara min famfon da ke ɗiga. Ya zauna a kujerar Graciela yana sauraro. Compadre, ka san yaushe rabon da wani ya saurare ni har in kai ƙarshen labari? Na ba shi labarin ƙungiya, da na Fada Hilario, da ranar da ka faɗa rafi kana bin tsuntsun da ashe ledar wani ce a reshe. Ya yi dariya a duk inda ya dace.

A zuwansa na uku muna baranda iyayen suka iso da abinci, 'ya'yan suka ɗauki kuka. Bai ma tambaye ni ba. Wannan shi ne abin da nake so ka sani, kada ka ce an yaudare ni. Ni na kama hannun rigarsa na ce, “Ji can. Ka san ko mene ne wannan?” Na nuna masa gungumen da sandata. Na gaya masa ramin yana fuskar kwari, na gaya masa su biyu ne, har da lokacin da iyayen kan tafi kiwo. Ina magana ina jin kaina kamar ina gaban allo. Ya ce, “Ikon Allah,” ya daɗe yana kallo.

Tun daga ranar bai dawo ba.

Shekaranjiya na tambayi Doña Ofelia ko ta san mai wasa wuƙan nan. Ta ce, “Mai baƙin babur? Wuƙa ce kawai yake wasawa? Surukina ya gan shi a bakin babban titi da kejuna a rufe da buhu. Me ya haɗa ka da shi?” Na ce wuƙa ya wasa min.

Na san abin da za ka ce: in sauka gari in gaya wa Maryori. Sau biyu ina sa takalmi. Sai in tuna yadda yaran nan suka miƙe min tsaye, in tuna ni ne na tsaya a kan a kori Gildardo daga ƙungiya shekarun baya don ya gaya wa matarsa inda wata mujiya ta yi ƙwai, sai in cire takalmin. Ina gaya wa kaina ƙila mutumin bai nufi komai ba, ƙila surukin Ofelia wani ya gani. Abin da nake yi yanzu shi ne na kai kujera bakin shinge, ina zama tun safe har yamma da bargo da sandata, ko ana yayyafi. Gungumen yana da tsawo da santsi, ba kowa zai iya hawansa ba. Da wannan nake lallashin kaina.

Kada ka sa Luz Dary ta buga wa kowa waya. Ka ba ni 'yan kwanaki.

Amininka,
Nicanor.


San Cayo del Monte,
ƙarshen Mayu.

Compadre,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Fabio da Luz Dary, da fatan jikin da sauƙi. Amsarka ta iso da layi ɗaya tak a ciki, “Sa takalmin, wawa.” Ta iso a makare, amma ko da ta zo da wuri ban san ko zan bi ba.

Ya zo ran Lahadi da safe, lokacin da duk gari yana coci. Ina kan kujerata. Ban ji babur ba, ta kwari ya hauro da ƙafa. Abin da na fara ji shi ne iyayen suna ihu irin wanda ban taɓa jin aku ya yi ba, suna kewaya sama. Sai ƙarar ƙarfen hawa yana cizon itace, wani yana hawa. Na miƙe ina duba, ba na ganin komai sai wani duhu a jikin gungumen. Na kira sunansa. Na ce, “Wilmar, don girman Allah!” Na buga sandata a kwanon ruwan kaji, na yi ta kiran Ofelia alhali na san tana coci. Na nufi gangaren, ƙafata ta zame, na zauna a cikin laka.

Ya sauko da buhu a kafaɗa, wani abu yana motsi a ciki. Ya tsaya inda nake, ya ɗaga ni da hannu ɗaya, ya miƙo min sandata. Ya ce, “Don Nicanor, ka shiga ciki mana, sanyi zai kama ka.” Ya juya ya gangara.

Na tsaya ina sauraro. Can wajen azahar iyayen suka yarda suka koma bakin ramin, na ji murya ɗaya. Ɗa ɗaya ya samu, ɗayan ya lafe a ƙasan ramin inda hannu ba ya kai. Ka san abin da irinsu suke yi idan hannu bai kai ba: gatari suke dawowa da shi su kayar da itacen.

A daidai nan kunya ta daina yi min amfani. Na sauka gari da ƙafa, da lakar a wandona, ina hutawa a duk dakalin da na samu. Na tarar da Maryori a shagonta tana ɗaure wa wani kare ƙafa. Na gaya mata duka a tsaye, har da ƙosan cuku. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ɗaurin. Ta ce, “Yaushe ka nuna masa?” Na faɗa mata. Ta ce, “Kuma duk wannan lokacin kana zaune da bargo kana gadi? Da wane idon?” Ta ce, “Da ka zo ran farko, da su biyu ne a ciki yanzu.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Sai ta jawo kujera ta ce, “Zauna kafin ka faɗi min a shago, ni ba likitar tsofaffi ba ce.”

Ta kai rahoto wurin 'yan sanda da hukumar gandun daji, an ce ana bincike. A yammacin aka kira taro. An yi gardama sosai. Wasu suka ce a sa mutum biyu su yi gadi a ɓoye, a riƙe doka. Maryori ta ce sirrin da ɓarawo ya riga ya sani, mutanen kirki kawai ake ɓoye wa. Ta ce a gaya wa kowa. Na ɗaga hannu zan yi magana, saurayin nan mai alewa ya ce, “Don Nica, ai kai ka riga ka fara gaya wa mutane.” Ba wanda ya yi dariya. Na sauke hannun.

Washegari aka sanar a makaranta da kasuwa, sabon Fada ya sanar a coci. Dokar da muka riƙe tun muna da baƙin gashi ta faɗi a kaina, compadre. Ka yafe min, rabinta taka ce.

Yanzu gadi ake yi dare da rana, kuma ta gidana ake bi, tunda ita ce hanya mafi sauƙi. An ja igiya a bakin shinge don kada a matsa wa tsuntsayen. 'Yan ƙungiya suna karɓa-karɓa. Masu tsinkar kofi sukan tsaya da addunansu in sun taso aiki. Doña Ofelia ta kawo babbar tukunyarta, tana raba kofi tana cewa, “Tsohon nan da ko kare ba ya leƙa shi, ga shi ya zama magajin gari.” 'Yan makaranta suna layi a bayan tabaran hangen nesa, kowa ya leƙa sai ya zo ya gaya min abin da ya gani: ɗan ya fito da kai, kuncinsa ya fara rawaya, ya yi hamma.

Ga abin da ba zan iya faɗa wa ko Fada ba. Ina jin daɗi. Da safe ina farkawa da ɗoki, in share baranda, in jera kujeru. Ana kirana, ana tambayata, ana cika min kofi. Sai in tuna da me na sayi wannan, in tuna buhun nan yana motsi, in ture kofin gefe.

Ka yi min addu'a, in kana iya yi wa wawa.

Naka,
Nicanor.


San Cayo del Monte,
watan Yuli.

Aminina Aristides,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da Luz Dary ta rubuta cewa ka riƙe cokali da hannun dama. Ki gaishe da kanki, 'yata, Allah ya biya ki wahalar tsofaffin nan biyu. Na yi jinkirin amsa saboda ƙirjin ya kwantar da ni, zaman yayyafin nan ne ya biyo ni. Na samu sauƙi.

Ka ce dokar an yi ta ne don tsuntsaye, ba tsuntsaye don doka ba, kada in kashe kaina a kanta. Na gode. Amma ba dokar ce ke hana ni barci ba.

Wilmar bai dawo ba. An ce an ga baburinsa sau ɗaya a ƙasan kwari, da ya hango taro ya juya. Ɗan da ya ɗauka ba a samu labarinsa ba. Maryori ta ce in daina tambaya. Ta ce in ya rayu yana cikin keji a wani gida a birni ana koya masa gaisuwa, kuma yawanci ba sa kai wa can. Na nemi ta cire sunana daga ƙungiya kamar yadda muka cire na Gildardo. Ta ce, “A'a. Za ka zauna, kuma duk sabon da ya shigo kai za ka ba shi labarin nan da bakinka.” Na riga na ba mutum biyu. Bai yi sauƙi ba a na biyun.

A makon ƙarshe ɗan da ya rage ya yi ta zama a bakin rami yana kaɗa fukafukai, iyayen suna kiransa daga giginyar da ke kusa, sun rage kawo abinci don ya fito. Kowa yana cewa yau ne, gobe ne. Ni kuwa, Allah ya gani, akwai safiyar da na ji a raina ina so ya ƙara kwana. Da na kama kaina sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa har azahar.

Ya tashi ran Talata da hantsi. Ba mutane da yawa: Maryori, Ofelia, da wasu mata biyu masu tsinkar kofi. Ofelia ta damƙe min hannu ta ce, “Ga shi nan, ga shi nan, tsoho!” Ban ga komai ba sai farin sama. Na ji fukafukai suna duka da sauri, marasa gwaninta, suka yi ƙasa zuwa kwari har matan suka kira sunan Allah, sannan suka ɗago. Iyayen suka sa shi tsakiya. Maryori tana kuka tana zagin kanta don ta manta ta ɗauki hoto.

An yi ɗan biki da yamma, aka kwance igiya, kowa ya ɗauki kujerarsa. Ofelia ta wanke tukunyarta ta tafi da ita. Maryori ta ce za su koma biyowa ta nan ran Lahadi, kuma na yarda za su yi, wasu lokutan.

Akun ba su bar kwarin ba. Kullum da yamma suna ratsawa ta saman rufina zuwa inda suke kwana. Nakan fita in tsaya in saurara. Muryar iyayen mai kauri ce, ta ɗan tana fashewa kamar ta yaron da ya fara balaga, kuma kullum yana baya yana ƙoƙarin cim musu. Su uku ne. Kunnena bai taɓa ruɗa ni a kan tsuntsu ba, amma duk yamma sai na tsaya har sun ɓace a bayan dutse, ina jiran murya ta huɗu.

Ka rubuto in hannun ya yarda, ko layi ɗaya ne da kanka.

Amininka mai ƙaunarka,
Nicanor Bedoya.